Yadda Ake Girka Turbo Pascal 5.5 a Kwamfutar Yau, a Rubuta Shirye-shirye Biyar na Farko

Duk wanda ya zo wurina yana son koyon rubuta shirin kwamfuta, bai kuma taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, da Turbo Pascal nake fara masa. Manhaja ce ta shekarar 1989, ta girmi yawancin ɗaliban da nake koya wa, amma har yau ban samu abin da ya kai ta sauƙin kai ga sabon shiga ba. Ƙarama ce, da ka sauke ta ka gama da sayen data, kuma kowace tsohuwar laftof tana ɗaukarta. Abin da na fi so a tattare da ita shi ne yadda take kama kuskure: guda ɗaya take nuna maka, ta ajiye maka alamar rubutu daidai wurin, sai ka gyara sannan ta wuce gaba.

Abin da kake buƙatar sani kafin mu fara kaɗan ne. Pascal yaren rubuta shiri ne da Farfesa Niklaus Wirth ya fitar a 1970 a birnin Zurich na Suwizalan, kuma don koyarwa ya tsara shi. Ya sa masa sunan Blaise Pascal, Bafaranshen da ya ƙera injin lissafi tun a shekarun 1640. Ita kwamfuta ba ta jin wannan yare kai tsaye, sai an samu tafinta da zai juya abin da ka rubuta zuwa yaren inji. Wannan tafinta shi ake kira kwamfaila. Turbo Pascal kwamfaila ne da kamfanin Borland na Amurka ya fitar a 1983 a kan dala 49.95, lokacin da ire-irensa ke cin ɗaruruwan daloli. Wanda ya rubuta shi, Anders Hejlsberg ɗan ƙasar Denmak, shi ne daga baya ya jagoranci ƙirƙirar yarukan rubuta shiri na C# da TypeScript a Microsoft.

Kayan aiki

- Kwamfuta mai Windows, Linux ko Mac. Ƙarfinta ba matsala ba ne.
- DOSBox. Turbo Pascal ɗan zamanin DOS ne, wato tsohon tsarin sarrafa kwamfuta da ya gabaci Windows, Windows na yanzu mai bit 64 ba ya buɗe shi. DOSBox manhaja ce ta kyauta da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin taka. Ni da 0.74-3 nake aiki, duk maɓallan da zan ambata nata ne.
- Turbo Pascal 5.5. Borland da kansa ya saki 1.0 da 3.02 da 5.5 kyauta a matsayin kayan tarihi, kamfanin Embarcadero ne ya gaje su. Ka nemi 5.5, fayil ne matsattse na zip.
- Kibod mai maɓallan F1 zuwa F12. A laftof da yawa sai ka danne Fn kafin su yi aiki, ka duba naka tun yanzu.
- Littafi da biro, don rubuta lambobin kurakuran da za ka ci karo da su.

In waya kaɗai gare ka, akwai manhajojin DOSBox na Android irin su Magic DosBox. Sai dai kibod ɗin waya ba shi da maɓallan F, don haka ka samu wayar OTG ka jona kibod na kwamfuta, ko na hannu ne. In kuma DOSBox ya ƙi ka gaba ɗaya, ka sauke Free Pascal. Kwamfaila ne na zamani, kyauta, yana aiki kai tsaye a Windows, kuma duk shirye-shiryen da ke ƙasa za su tafi a kansa.

Mataki na 1: Shirya folda

Ka buɗe folda a tushen C: ka sa mata suna DOS. A cikinta ka buɗe wata mai suna SAKA. Ka warware zip ɗin da ka sauke, za ka ga foldoji biyu, kowacce a madadin faifai ɗaya. Ka kwashe fayilolin da ke cikin kowacce ka zube su wuri ɗaya a cikin SAKA. In ka bar su a rabe, manhajar girkawa za ta tsaya tana neman ka saka faifai na biyu.

Ka riƙe wannan doka tun daga nan: a DOS sunan fayil ko folda ba ya wuce harafi 8, sai aya, sai harafi 3, kuma babu sarari a tsakani. KANTI.PAS daidai ne. "Shirin kanti na.pas" zai ba ka wahala.

Mataki na 2: Nuna wa DOSBox foldarka

Ka girka DOSBox ka buɗe shi. Za ka ga baƙin allo da Z:\> yana jiranka. Bai san komai game da fayilolinka ba sai ka nuna masa. Ka rubuta waɗannan, kana danna Enter bayan kowane layi:

```
mount c c:\dos
c:
```

Ma'anar layin farko ita ce, daga yanzu foldar DOS ita ce C: a wurinsa. Mai Linux ya rubuta `mount c ~/dos`. Kada ka taɓa ba shi C: ɗinka gaba ɗaya, domin umarnin gogewa ɗaya da ka yi kuskurensa zai taɓa fayilolinka na gaske.

In ka danna maɓalli wani harafi daban ya fito, tsarin kibod ne bai dace ba. Ka rubuta `keyb us`. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu kibod irin na Faransa su rubuta `keyb fr`. Sannan in ka kwafa fayil cikin foldar alhali DOSBox na buɗe, ba lalle ya gan shi ba sai ka rubuta `rescan`.

Don kada ka riƙa maimaita waɗannan layuka kullum, ka buɗe fayil ɗin saitin DOSBox, yana cikin jerin Start da sunan DOSBox 0.74-3 Options. Ka gangara can ƙarshe inda aka rubuta [autoexec], ka zuba layukan biyu a ƙarƙashinsa, ka adana.

Mataki na 3: Girka Turbo Pascal

```
cd saka
install
```

Zai tambaye ka daga wane faifai zai ɗauko kaya. Harafin A za ka tarar, ka mayar da shi C. Ka zaɓi girkawa a babban faifan kwamfuta, ka bar masa C:\TP yadda ya kawo, ka sa ya fara. Cikin ɗan lokaci zai gama. Sai ka rubuta:

```
cd \tp
turbo
```

Shuɗin allo zai bayyana da jerin kalmomi a sama: File, Edit, Run, Compile, Options, Debug, Break/watch. Linzamin kwamfuta ba ya aiki a nan, sai a 6.0 aka kawo shi. Da kibod za ka yi komai: ka danne Alt tare da harafin farko na kalmar da kake so, Esc kuma ya dawo da kai baya. Alt+Enter yana cika allo.

Mataki na 4: Kwance tarkon Ctrl+F9

Kada ka tsallake wannan. A Turbo Pascal, Ctrl+F9 shi ne maɓallin tayar da shiri. A DOSBox kuwa, Ctrl+F9 shi ne maɓallin kashe DOSBox ɗin nan take, ba tambaya ba gargaɗi. Na sha ganin ɗalibi ya kwashe rabin awa yana buga shiri, ya danna waɗannan maɓallai kamar yadda tsohon littafinsa ya ce, allo ya ɓace da duk aikinsa. Irin wannan yana sa mutum ya yi zuciya ya bar karatun tun ranar farko.

Ka danna Ctrl+F1, hoton kibod zai fito. Ka nemi ɗan akwatin da aka rubuta ShutDown, ka danna shi da linzami, ka danna Del a ƙasa, sannan Save, sannan Exit. Shi ke nan, Ctrl+F9 ya koma hannun Turbo Pascal. Wanda ba ya son taɓa saitin, ya riƙa danna Alt+R sannan Enter, aikinsu ɗaya.

Ka ƙara da wannan: Alt+O, ka shiga Environment, ka mayar da Edit auto save zuwa On, ka dawo ka zaɓi Save options. Daga nan zai riƙa adana rubutunka da kansa kafin ya tayar da shiri. Duk da haka ka saba wa yatsanka da F2, ko don ɗauke wuta.

Mataki na 5: Shiri na farko

Ka danna F3, ka rubuta SALLAMA.PAS, ka danna Enter. Ka buga wannan da hannunka:

```
program Sallama;
begin
  writeln('Assalamu alaikum!');
  writeln('Wannan ne shirina na farko.');
  readln;
end.
```

F2 don adanawa, Ctrl+F9 don tayarwa. Baƙin allo zai fito da layuka biyu. Ka danna Enter ka dawo.

Aikin shiri yana tsakanin `begin` da `end`. `writeln` yana rubuta abin da ke cikin baka biyu ya sauka sabon layi. Waƙafi mai ruwa, wato `;`, shi ke raba umarni da umarni. `end` na ƙarshe kuwa aya yake ɗauka. Shi `readln` da ke shi kaɗai, aikinsa ya tsayar da allo har ka danna Enter. In babu shi sakamakon zai gilma kamar walƙiya, ka zaci shirin bai yi aiki ba, alhali ya yi. In haka ta faru, Alt+F5 zai nuna maka allon sakamakon.

Yanzu ka ɓata shirin da gangan. Ka goge waƙafi mai ruwa na ƙarshen layi na uku ka tayar. Jan layi zai fito a sama: `Error 85: ";" expected`. Ka lura da inda alamar rubutu ta tsaya, a farkon layi na huɗu take, domin sai da kwamfaila ya iso nan ya gane akwai abin da ya ɓace. Saboda haka duk lokacin da ka ga 85, ka fara duba layin da ke sama. Ka gyara, sannan ka rubuta `writln` a maimakon `writeln`, za ka samu `Error 3: Unknown identifier`, wato bai san wannan kalma ba. Waɗannan biyu su ne za ka fi gani a makonka na farko. Ka rubuta su a littafinka.

Mataki na 6: Shirin da ke tambaya, da matsalar haruffanmu

```
program Gaisuwa;
var
  suna: string;
  haihuwa: integer;
begin
  write('Yaya sunanka? ');
  readln(suna);
  write('Wace shekara aka haife ka? ');
  readln(haihuwa);
  writeln('Sannu da zuwa, ', suna, '.');
  writeln('A 2030 za ka cika shekara ', 2030 - haihuwa, '.');
  readln;
end.
```

Abin da ke ƙarƙashin `var` mazubai ne da shirin zai ajiye bayani a ciki. Pascal ba ya yarda ka yi amfani da mazubi sai ka ambace shi a sama, ka faɗi irin abin da zai ɗauka. `string` rubutu ne, har harafi 255. `integer` cikakkiyar lamba ce marar ɗigo. Bambancin `write` da `writeln` shi ne na farkon ba ya sauka layi, shi ya sa amsarka ke fitowa a gaban tambaya. Kada ka ba shiri da mazubi suna ɗaya: in ka kira shirin Suna, ga kuma mazubi `suna`, za ka ga `Error 4: Duplicate identifier`, domin Pascal ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami.

Akwai abu biyu da suka shafe mu masu rubuta Hausa, waɗanda littattafan Turanci ba za su gaya maka ba. Na farko, DOS ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, ba shi kuma da alamar naira. In ka rubuta shirin a Notepad da waɗannan haruffa ka kawo shi nan, tarkace za ka gani a allo. Ka rubuta k da d da b zalla, N kuma ta tsaya a madadin naira. Na biyu ya fi cizo. Ɗan waƙafin sama da muke sawa a sana'a da jama'a da 'yan'uwa, shi ne Pascal ke buɗe zance da rufe shi da shi. In ka rubuta `writeln('Sannu jama'a');` zai ɗauka zancen ya ƙare a "jama", ya tsaya da kuskure. Maganinsa ka ninka alamar:

```
writeln('Sannu jama''a');
writeln('''Yan''uwa, barka da zuwa');
```

Alama ɗaya ce aka danna sau biyu, ba alamar zance mai ƙafa biyu ba. A layi na biyu guda uku ne a farko: ɗaya ta buɗe zance, biyu kuma su fito da ta 'yan.

Mataki na 7: Lissafin kanti

A nan na fi daɗewa da ɗalibai, don a nan kwamfuta ke iya ba ka amsar ƙarya ba tare da ta yi ƙorafi ba.

```
program Kanti;
var
  farashi, adadi, jimla, biya: longint;
begin
  write('Kudin mudu daya: N');
  readln(farashi);
  write('Mudu nawa? ');
  readln(adadi);
  jimla := farashi * adadi;
  writeln('Jimla: N', jimla);
  write('Nawa ya bayar? N');
  readln(biya);
  if biya < jimla then
    writeln('Saura N', jimla - biya, ' ya cika.')
  else
    writeln('Canjinsa N', biya - jimla);
  readln;
end.
```

Alamar `:=` tana nufin zuba abin da ke dama cikin mazubin hagu. `=` ita kaɗai tambaya ce, ko abu biyu daidai suke. In ka musanya su kwamfaila zai tsayar da kai.

Ka gwada da 2000 da 20, za ka samu 40000. Yanzu ka mayar da `longint` zuwa `integer` ka sake sa lambobin nan. Jimla za ta fito -25536. Babu jan layi, babu gargaɗi. Dalili shi ne `integer` a Turbo Pascal bit 16 ne, iyakarsa daga -32768 zuwa 32767. In lissafi ya haura haka sai ya kewayo ta ƙasa, kamar mitar mota da ta cika ta koma farko. `longint` yana kaiwa 2147483647, shi ya sa duk abin da ya shafi naira ko sefa da shi nake yi. Kuma bai isa ka mayar da `jimla` kaɗai `longint` ba. In `farashi` da `adadi` duka `integer` ne, a bit 16 za a ninka su, amsar ta lalace tun kafin ta isa mazubin. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya, ba ya ƙara amincewa da lambar da ta fito a allo sai ya auna ta da hankalinsa, kuma wannan ɗabi'a za ta yi masa amfani a kowane yare ya koma.

Ka duba layin da ke gaban `else`, babu waƙafi mai ruwa a ƙarshensa. Daga `if` har ƙarshen `else` magana ɗaya ce a wurin Pascal. In ka sa `;` a tsakiya ka yanke ta, sai `else` ya tsaya ba uwa ba uba, ka ga `Error 113: Error in statement`.

Wajen shigar da kuɗi kuma, 2000 za ka buga. In ka buga 2,000 ko N2000 shirin zai faɗi da `Runtime error 106`, wato an ba shi abin da ba lamba ba. Wannan kuskure ne na lokacin aiki, daban yake da na lokacin fassara.

Rabawa iri biyu ce. `div` yana ba da cikakkiyar lamba, `mod` ya ba da abin da ya rage: 10000 div 3 zai ba da 3333, 10000 mod 3 ya ba da 1. Alamar `/` kuwa lamba mai ɗigo take bayarwa, sai mazubi irin `real` ke ɗaukarta. In ka nemi zuba ta a `longint` za ka ga `Error 26: Type mismatch`. In ka buga `real` haka kawai, abu kamar 3.3333333333E+03 zai fito. Ka rubuta `writeln(rabo:0:2)` ka samu 3333.33.

Mataki na 8: Jadawalin sau

```
program Jadawali;
uses crt;
var
  lamba, i: integer;
begin
  clrscr;
  write('Jadawalin wace lamba? ');
  readln(lamba);
  for i := 1 to 12 do
    writeln(lamba:3, ' x ', i:2, ' = ', lamba * i:5);
  readln;
end.
```

`for` yana maimaita umarnin da ke biye da shi, `i` na hawa daga 1 zuwa 12. Lambobin da ke bayan ruwa biyu, wato `:`, faɗin gurbi ne, don layukan su jeru. `uses crt` ya aro mana `clrscr` mai share allo.

Kuskure biyu ake yi a nan. Wasu su sa `;` bayan `do`, sai shirin ya zaga sau 12 bai yi komai ba, ya buga layi ɗaya kacal, kuma kwamfaila ba zai ce uffan ba don a ƙa'ida ba laifi ba ne. Wasu kuma su jera umarni biyu ƙarƙashin `for` suna zaton duka za a maimaita, saboda sun tura su ciki da sarari. Sararin don idonka ne kawai. In umarni ya wuce ɗaya, sai ka kewaye su da `begin` da `end;`.

In Turbo Pascal 7.0 ka samu a maimakon 5.5, ka ga duk shirin da ke da `uses crt` yana faɗuwa da `Runtime error 200` tun kafin ya buga komai, ba laifinka ba ne. Sanannen aibi ne na 7.0: yana auna saurin inji in zai tashi, in saurin ya yi yawa lissafin ya ɓaci. Ka buɗe fayil ɗin saitin DOSBox, ƙarƙashin [cpu] ka sa `cycles=fixed 10000`.

Mataki na 9: Wasan canka, da bin sawun shiri

```
program Canka;
uses crt;
var
  boye, zato, gwaji: integer;
begin
  clrscr;
  randomize;
  boye := random(100) + 1;
  gwaji := 0;
  writeln('Na boye lamba tsakanin 1 da 100.');
  repeat
    write('Canka: ');
    readln(zato);
    gwaji := gwaji + 1;
    if zato < boye then
      writeln('Ta fi haka.')
    else if zato > boye then
      writeln('Ba ta kai haka ba.');
  until zato = boye;
  writeln('Ka canka a gwaji na ', gwaji, '!');
  readln;
end.
```

`random(100)` yana ba da lamba daga 0 zuwa 99, shi ya sa muka ƙara 1. In ka manta `randomize`, lamba ɗaya zai riƙa ɓoyewa duk sanda ka tayar da shi. Layin `gwaji := 0` ma ba ado ba ne, kada ka ɗauka sabon mazubi sifili ne a cikinsa sai ka zuba da kanka. `repeat` da `until` suna maimaita abin da ke tsakaninsu har sharaɗin ya cika, a nan ba a buƙatar `begin` da `end`. Ka tabbata akwai hanyar da sharaɗin zai cika. In babu, shirin zai yi ta zagaye, kuma Ctrl+Break da ke tsayar da shi a tsofaffin kwamfutoci ba kullum yake ji a DOSBox ba, sai dai ka rufe ka sake buɗewa. Amfanin adanawar da muka saita a mataki na 4 ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi 5.5 a kan 3.02. Maimakon Ctrl+F9, ka danna F8. Wani haske zai sauka kan `begin`, kuma duk dannawa ɗaya shirin zai yi layi ɗaya ya jira ka. Ka danna Alt+B, ka zaɓi Add watch, ka rubuta `boye`. Ka sake yi wa `gwaji`. Ta jerin sama za ka bi, don Ctrl+F7 da aka tanada wa wannan aiki shi ma DOSBox ya riƙe shi. A ƙasan allo za ka ga abin da ke cikin mazuban biyu yana sauyawa. Ka ci gaba da danna F8 kana kallon hasken yana isa `until` yana komawa sama, yana tsallake reshen `if` da bai dace ba. Na ga mutanen da aka yi wa bayanin maimaitawa sau biyar a allon aji ba su gane ba, suka gane a minti biyu da suka ga hasken nan yana hawa yana sauka. In ka gama, Ctrl+F2 zai mayar da shirin farko.

Ka kira wani a gida ya buga wasan. Wanda ke raba tazarar biyu a kowane gwaji, ya fara da 50, sannan 25 ko 75, ba zai taɓa wuce gwaji 7 ba, domin in ka jera 2 guda 7 ka ninka su da juna za ka samu 128, ya haura 100. Ka gwada ƙara wa shirin sharaɗin da zai tsayar da wasa a gwaji na 7. Abin da kake buƙata shi ne `until (zato = boye) or (gwaji = 7);` da `if` guda ɗaya a ƙasa da zai bambanta wanda ya ci da wanda ya faɗi. Bakunan da ke kewaye da kowane sharaɗi dole ne, in ka cire su kwamfaila zai ƙi.

Mataki na 10: Fitar da fayil ɗin EXE

Duk abin da muka yi zuwa yanzu a ƙwaƙwalwar inji ake fassara shi, ba a ajiye komai a faifai sai rubutunka. In kana son shirin ya tsaya da ƙafarsa, ka danna Alt+C, ka sauka kan Destination, ka danna Enter ya koma Disk daga Memory, sannan ka danna F9. Ka fita da Alt+X, ka rubuta `dir *.exe`, za ka ga CANKA.EXE, 'yan kilobait kaɗan. Ka rubuta `canka` ya tashi ba tare da shuɗin allo ba. Haka kuma kana iya fassarawa daga baƙin allo kai tsaye da `tpc canka.pas`.

Wannan EXE na DOS ne, in ka tura wa abokinka ya danna shi a Windows mai bit 64 ba zai buɗe ba sai yana da DOSBox. In kana son wanda zai buɗe a kwamfutarsa kai tsaye, ka ɗauki CANKA.PAS daga C:\DOS\TP, ka girka Free Pascal, ka rubuta `fpc -Mtp canka.pas`. Wannan `-Mtp` yana gaya masa ya karanta rubutun da ƙa'idojin Turbo Pascal, sabon EXE ɗin zai fito a folda ɗaya da rubutun.